Miura, Countach, Testarossa ko F40: da wane ma'auni ake kwatanta tsofaffin motocin gudu na Italiya?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Mun daɗe muna musu da abokaina a kan tsofaffin motocin gudu na Italiya. Wani ya ce ba a taɓa yin kamar Lamborghini Miura ba, wani ya ce Countach, ni kuma ina bayan Ferrari F40. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne na ga an sayar da Ferrari 250 GTO ta 1962 a kan sama da dala miliyan 48, alhali ƙarfinta doki 300 ne kawai, ga Testarossa mai doki 390 ko kusa ba ta kama ƙafarta a kuɗi ba. Da wane ma'auni ake kwatanta motocin da zamaninsu ba ɗaya ba? Kuma idan mutum yana da hali, wacce zai iya riƙewa ya riƙa hawa, ba ta ajiya kawai ba?" Daga wani mai karatu a Kaduna.

Wa alaikumus salam. Malam, tambaya uku ka ɗaure a ƙulli ɗaya: wacce ta fi nagarta, me ya sa kuɗi ba ya bin ƙarfin inji, sannan wacce ake iya zama da ita. Amsoshin nan uku ba sa faɗawa a kan mota ɗaya, shi ya sa musunku ya ƙi ƙarewa. Abin da nake bi shi ne, nagartar mota ana auna ta da sa'o'inta, waɗanda aka ƙera a shekarunta da irin tayar da ake da ita a lokacin. Idan kuma za a tsallaka daga zamani zuwa zamani, abin da ya kamata a gwada shi ne me kowacce take nema a wajen direba, me kuma take nema a wajen makanike.

Mu fara da ture lissafin doki gefe, domin yana yaudara ta fuska uku. Na farko, kamfanonin Italiya na shekarun 1960 da 1970 sun shahara da ƙara gishiri a alƙaluman da suke bugawa, musamman lokacin da Ferrari da Lamborghini suke gasar wa zai ce motarsa ta fi gudu. Na biyu, nauyi. GTO ba ta cika kilo 1,000 ba, Testarossa kuwa ta kai wajen kilo 1,500 tun ba a zuba mata mai da ruwa ba. Raba dokin da nauyin, za ka ga tsohuwar ce a gaba. Na uku, taya. Miura ta farko ta fito da taya mai faɗin milimita 205. Shekara goma sha biyu bayan nan Countach LP400 S ta fito da Pirelli P7 mai faɗin 345 a baya. Mafi yawan bambancin da ake ji a kwana tsakanin motar 1966 da ta 1978 daga robar nan yake fitowa, ba daga inji ba.

Maganar kuɗi kuwa ba ta da wuya. GTO guda 36 kacal aka yi tsakanin 1962 da 1964, don tsere aka yi su, kuma sun ci wa Ferrari gasar duniya ta ajin GT, wato na motocin gudu masu siffar na titi, shekara uku a jere. Kowacce an san lambar shasinta, an san tseren da ta shiga da wanda ya tuƙa ta. Wadda kake magana a kai an yi gwanjonta a Monterey ta Amurka a 2018 a kan dala miliyan 48.4. Testarossa kuwa an yi sama da 7,000 daga 1984 zuwa 1991, kuma ba motar tsere ba ce, shi ya sa galibinsu ba sa kai kashi ɗaya cikin ɗari na wancan kuɗi. Mai sayen GTO tarihi da ƙaranci yake saye. Farashin gwanjo ba ya gaya maka wacce ta fi daɗin tuƙi.

Inji a gaba ko a bayan kujera

Babbar rigimar shekarun 1960 ita ce inda za a ajiye inji, kuma babu inda ta fito fili kamar tsakanin Miura da Ferrari 365 GTB/4, wadda aka fi sani da Daytona.

Ferruccio Lamborghini mai ƙera tarakta ne, a 1963 ya buɗe kamfanin mota a Sant'Agata Bolognese. Injinsa mai silinda 12 Giotto Bizzarrini ne ya zana shi, wato mutumin da ya fara aikin GTO kafin ya bar Ferrari. Samarin injiniyoyinsa, Gian Paolo Dallara da Paolo Stanzani da Bob Wallace, su suka ɗauki wannan inji mai lita 3.9 suka kwantar da shi a gicciye a bayan kujera. An nuna shasin tsirara a Turin a 1965, aka nuna cikakkiyar motar a Geneva a 1966 da bodin da Marcello Gandini ya zana a kamfanin Bertone. Tsayinta daga ƙasa bai wuce mita ɗaya da 'yan santimita ba. A fagen tsere an riga an koma inji a tsakiya, amma ɗora silinda 12 haka a motar titi, Miura ce ta buɗe ƙofar da kowa ya bi daga baya.

Sai dai sabon abu da matsalolinsa yake zuwa. Don a samu wuri, an zuba inji da giyabos a gida ɗaya, suna shan baƙin mai ɗaya. Haƙoran giya suna sakin ɓurɓushin ƙarfe, man ya kwashe shi ya kai wa bayarin na karanshaf. Kuma man da ya dace da inji bai dace da giya ba. Sai a ƙarshen ƙirar SV, wadda aka yi daga 1971 zuwa 1973, aka raba musu mai. Tankin fetur yana gaba, don haka cikakken tanki da rabin tanki ba tuƙi ɗaya ba ne: yayin da mai yake raguwa hancin motar yana yin sauƙi, ga iska tana ɗaga shi idan gudu ya yi nisa, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannu daidai lokacin da ka fi buƙatarsa. Sannan akwai gobara. Kafireta huɗu ne na Weber, kowanne mai maƙogwaro uku, suna zaune a saman inji mai zafi. Tiyo ɗaya ya tsufa ya tsage, ko filot ya maƙale fetur ya yi ambaliya, shi ke nan. Miura da yawa sun ƙone ta haka. Ƙara da zafin injin kuma suna nan a bayan ƙeyarka, gilashi ɗaya ne tsakaninku.

Ferrari ta amsa a 1968 da tsohuwar hanya. Daytona injinta a gaba yake, lita 4.4, kamshaf huɗu, kafireta shida, doki 352, amma an kai giyabos baya an haɗa shi da aksil don nauyi ya rabu daidai. Tana kaiwa kilomita 280 a awa, kuma a wannan gudu a natse take, ba ta rawar kai. Laifinta a cikin gari yake: sitiyarin ba shi da na'urar taimako, ga nauyin inji a kan tayoyin gaba, fakin kawai sai ya sa ka gumi. Idan tafiya ce ta awa shida a babbar hanya, Daytona ta fi Miura nesa ba kusa ba. Idan kuma ana maganar wacce ta canza yadda ake ƙera mota, abokinka mai Miura yana da gaskiya, ba na jayayya da shi.

A gefen waɗannan manya akwai ƙaramar Dino 246 GT ta Ferrari, daga 1969 zuwa 1974, mai silinda 6, lita 2.4, doki 195, wadda Fiat ta riƙa haɗa injinta. Ba ta da rabin hayaniyarsu, amma a hanya mai kwana-kwana ta fi su biyun biyayya. Aldo Brovarone na kamfanin Pininfarina yana cikin waɗanda suka zana ta, kuma shi ne ya zana Peugeot 504 ɗin nan da aka daɗe ana haɗawa a garinku.

Countach da Testarossa

Countach gyaran kurakuran Miura ce. Stanzani ya miƙar da injin ya kwanta a tsaye, amma ya juya shi, giyabos ya koma gaba ya shigo tsakanin kujeru biyu, sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya ta ratsa ta cikin kaskon mai ta koma. Amfanin haka, nauyi ya matso tsakiya, kuma hannun giya yana shiga giyabos kai tsaye ba tare da dogayen sanduna ba. An nuna samfurinta a 1971, aka fara sayarwa a 1974, aka ci gaba har 1990, duka-duka wajen guda 2,000. A ƙarƙashin bodin alminiyam akwai shasi na bututun ƙarfe da aka yi wa walda ɗaya bayan ɗaya, mai ƙarfi ƙwarai, amma idan ya taɓa yin haɗari gyaransa sai gwani mai ma'auni.

Kada ka ɗauki Countach a matsayin mota ɗaya. LP400 ta 1974 siririya ce, ba fiffike, ba kumburin taya, doki 375. Ta 1985, wato 5000 QV, lita 5.2 ce, bawul huɗu a kowace silinda, doki 455, kuma an mayar da kafiretocin saman inji, murfin ya yi tozo, ɗan abin da ake gani ta baya ma ya tafi. Shi ya sa masu ita suke ɗaga ƙofa su zauna a bakin dokin ƙofar suna waige idan za su yi ribas. Kuloci da nauyi, giya da nauyi, taga rabi take buɗewa, ciki da zafi. Babban fiffiken bayan nan da ake gani a hotuna ado ne, rage mata gudu ma yake yi.

Testarossa wata manufa ce daban, shi ya sa haɗa ta da Countach a musu bai cika yin adalci ba. Motar da ta gabace ta, 512 BB, lagiretonta a gaba yake, bututun ruwan zafi suna bi ta ƙarƙashin mutane suna gasa su. Sai aka mayar da lagireto gefe biyu a bayan ƙofofi. Wannan ne asalin zanen layi-layin nan na gefenta, kuma shi ya sa faɗinta ya kusa mita biyu. An samu ciki mai sanyi da wurin kaya a gaba. Amma injin, mai silinda 12 a kwance, lita 4.9, a saman giyabos yake zaune, nauyi ya hau sama a baya. A miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau, amma wanda ya shiga kwana da gudu ya saki totur farat ɗaya zai ji bayan yana neman wuce gaba. Wani rauninta da aka sani shi ne gidan dif, wanda waldarsa kan tsage idan ana fizgar motar daga tsaye, kuma idan ya fashe yakan tafi da gidan giyabos.

Inji ɗaya, hanyar ba da mai iri uku

Idan kana son ka ga bambancin zamani ba tare da ruɗani ba, bar manyan nan ka dubi Ferrari 308, domin jiki ɗaya ne da inji ɗaya suka ratsa zamani biyu, kafin F355 ta nuna na uku.

Ta fito a 1975 da silinda 8, lita 2.9, kafireta huɗu na Weber 40 DCNF, doki 255 a ƙirar Turai. Na farko-farko, har zuwa 1977, bodinsu na faiba ne, ba sa tsatsa a fata kuma sun fi sauƙi, shi ya sa suka fi tsada yau. A 1980 dokokin hayaƙi, musamman na Amurka, suka tilasta aka cire kafireta aka sa Bosch K-Jetronic, ƙarfi ya faɗo zuwa 214. A 1982 aka ƙara bawul ya zama huɗu a kowace silinda, ya farfaɗo zuwa 240. A 1985 aka faɗaɗa injin zuwa lita 3.2, aka kira ta 328, doki 270. Wanda ya dubi takarda kawai zai ce motar 1980 ta lalace. Wanda yake tayar da ita kowace safiya zai ce ta gyaru.

Ga dalili. Kafiretan Weber kowane maƙogwaro silindarsa yake ciyarwa, shi ya sa totur yake amsawa nan take, kuma shi ne tushen wannan gurnani da ake ji idan an taka. Amma dole duka maƙogwaran su ja iska daidai wa daida. Saitinsu yana da tsari, kuma wanda ya tsallake tsarin wahala zai sha. Ana fara da gibin bawul, sannan wuta da taimin, sannan tsayin filot a kowane kafireta, sannan a cire sandunan da suka haɗa su a auna iskar kowane maƙogwaro da ma'auni a silo, a daidaita, a mayar da sandunan a sake aunawa an ɗan taka totur. Sukurorin cakuɗa mai da iska su ne na ƙarshe. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara murɗa sukurori alhali matsalar ta wuta ce. A 308 maƙogwaro takwas ne, a Daytona da Countach goma sha biyu. Idan saiti ya kauce za ka ji tari ta kafireta, fulogi su yi baƙi, fetur ya wanke mai daga jikin silinda ya gangara kasko. Shi ya sa nake sansana sandar gwajin baƙin mai a duk motar kafireta: idan tana warin fetur, akwai magana.

K-Jetronic ba kwamfuta ba ce. Iskar da inji yake ja tana motsa wani faranti, farantin ya tura wani ɗan fistin a cikin na'urar raba mai, fetur ya riƙa fita ta injekta ba tsayawa, famfo yana riƙe da matsi wajen bar 5. Duk makaniken da ya yi zamani da Marsandi 280E ko Volvo 240 ya san ta, kuma ƙanwarta KE-Jetronic, wadda ke cikin Testarossa na baya-baya, ita ce a cikin yawancin Marsandin da muke kira bi-but. Ba ta son abu biyu: zama da datti. Fetur ya kwana watanni a ciki sai ya zama danƙo ya riƙe ɗan fistin ɗin. Idan mota tana tashi da sanyi amma ta ƙi tashi da zafi, a fara duba akumuleta da bawul ɗin famfo da ke riƙe matsi bayan an kashe inji. Idan kuma da sanyi take wahala, a duba na'urar da ke daidaita matsi lokacin ɗumama. Duk wannan da agogon matsi ake gano shi, ba da kunne ba.

Zamani na uku shi ne na kwamfuta, kuma F355 ta 1994 ce misalinsa: lita 3.5, bawul biyar a kowace silinda, doki 380 a juyi 8,250 a minti, giya shida, sitiyari mai taimako, Bosch Motronic. Honda NSX ta 1990 ce ta kunyata Italiyawa ta nuna musu motar gudu tana iya zama mai sauƙin tuƙi, F355 kuma ita ce amsar Ferrari. Tuƙinta ya fi na duk waɗanda na ambata sauƙi da daɗi. Riƙonta ne ba sauƙi. Bututun salansa na jikin inji sukan tsage, iska ta shiga, silinda ta yi zafi har bawul ya ƙone. Hannun bawul na tagulla a na farkon yakan ci da wuri, mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi. Robobin cikin mota kuma suna narkewa su yi danƙo a hannu.

Sarƙa da bel

Wannan shi ne abin da ba a faɗa a musun majalisa, alhali shi yake raba mai hawa da mai kallo. GTO, Miura, Daytona, Dino da Countach duk sarƙa ce take juya kamshaf ɗinsu. Sarƙa tana gargaɗi, za ka ji ƙararta kafin ta yi ɓarna. Daga 308 zuwa Testarossa, F40 da F355, bel ne na roba mai haƙora. Bel ba ya gargaɗi. Ranar da ya tsinke ko ya tsallake haƙori, fistin zai haɗu da bawul, kuma a Testarossa bawul 48 ne, a F355 guda 40. Ana canza shi duk shekara 3 zuwa 5 ko an hau motar ko ba a hau ba, tare da bayarin masu ɗaure shi, domin sau da yawa bayarin ne yake fara mutuwa ya kashe bel ɗin.

Bambancin yana wajen yadda ake kai hannu. A 308 da 328 injin a gicciye yake, sai a cire tayar baya ta dama da murfin cikin mazaunin taya, bel biyu suna gabanka. A Testarossa da F355 fuskar injin tana manne da bangon bayan kujera, hanyar da kamfani ya tsara ita ce a sauke inji gaba ɗaya da ƙaramin shasinsa da giyabos da ƙafafun baya. Kuma tunda an sauke, ba mai mayarwa bai canza famfon ruwa da tiyo da sil ɗin kamshaf ba, ya duba kuloci. Aikin kwana ɗaya ya zama na mako. Ferrari da kanta ta gane: a 360 Modena ta 1999 an yi ƙofa a bayan kujera don a kai ga bel, a F430 kuma aka koma sarƙa.

F40 taka

Ita ce mota ta ƙarshe da Enzo Ferrari ya sa wa hannu, ta fito a 1987 don cikar kamfanin shekara 40, shi kuma ya rasu a watan Agustan 1988. Silinda 8, lita 2.9, turbo biyu na IHI, doki 478, kilomita 324 a awa. Shasin bututun ƙarfe ne aka lulluɓe da Kevlar da kabon, fentin ma siriri ne har ana ganin saƙar ta cikinsa. Ba kafet, ba rediyo, igiya ake ja a buɗe ƙofa daga ciki. Birki ba na'urar taimako, ba ABS mai hana taya kullewa, sitiyari ma ba taimako. An yi niyyar yin 400, buƙata ta sa aka yi sama da 1,300.

A wurina F40 ƙarshen tsohon zamani ce da aka ba ƙarfin sabo. A ƙasan juyi 3,500 ba ta da wani abin tsoro, amma da turbo sun cika sai ƙarfin ya zo gaba ɗaya kamar an ɓalle bakin dam, kuma babu kwamfutar da za ta tare maka tayoyin baya. A kan jiƙaƙƙiyar kwalta, ko da tsohuwar taya, nan ake rasa su. Ƙirar Turai tankunanta na roba ne irin na motar tsere, masu wa'adin kimanin shekara goma, ƙirar Amurka kuma na alminiyam. Mai saye ya tambayi takardar ranar da aka canza tankunan kafin ya tambayi komai. Idan musunku a kan wacce ta fi gudu da tayar da hankali ne, kai ka ci. Amma ka sani shekara 21 ne tsakaninta da Miura, kuma ba a yi wa Miura adalci idan aka sa su a layi ɗaya.

Wadda ake iya zama da ita

Amsata 328 ce, sai 308 mai bawul huɗu ta biyo baya, musamman daga 1984 lokacin da Ferrari ta fara amfani da ƙarfe mai kariyar tsatsa. An yi 308 wajen guda 12,000, don haka kayan gyara suna samuwa, ba a sauke inji don bel, kuma ba kwamfutar da za ta gagare ka. Halayenta sanannu ne. Da sanyi giya ta biyu ba ta shiga, kada ka tilasta ta, tashi daga ta ɗaya zuwa ta uku har man giyabos ya ɗumama. Akwatin fiyus na 308 yakan yi zafi ya narke, fankar lagireto ta mutu, inji ya tafasa a cunkoso, kuma ana sayar da sabon akwati da ya magance wannan. Fulogin layin silindar da ke jikin bango suna da wuyar kaiwa, shi ya sa malalacin makanike yake barinsu, sai ka cire ka ga huɗu sababbi huɗu tsofaffi.

Wanda aljihunsa bai kai nan ba, kada ya raina Alfa Romeo 2000 GTV ta farkon shekarun 1970: silinda 4, kamshaf biyu, kafireta biyu, doki wajen 130, nauyi kusan tan ɗaya, giya biyar, birkin faranti a ƙafa huɗu. Abokan gabanta tsatsa da giya ta biyu mai ƙara. De Tomaso Pantera ta 1971 ma hanya ce, jikin Italiya da injin Ford na Amurka mai sauƙin gyara, sai dai tana fama da zafi. Maserati Bora kuwa, da yake an yi ta lokacin da Citroën ke riƙe da kamfanin, birkinta na matsin koren mai ne na LHM, wanda ya zuba mata man birki na yau da kullum ya kashe duk robobin ciki.

Duk hukuncin nan a kan motar da aka kula da ita yake. Bayan shekara arba'in ko hamsin, bambancin da ke tsakanin 308 biyu yakan fi wanda ke tsakanin 308 da 328, kuma ba wanda zai iya yanke wa mota hukunci daga hoto. Sai an ɗaga ta sama an bi bututun shasi da fitila ana neman sabuwar walda ko lanƙwasa, an bi dokin ƙofa da gindin ƙofofi da maganaɗisu a ga inda aka cika da fila, in dai bodin na ƙarfe ne. A gwada matsin kowace silinda da inji mai zafi, sannan a hura iska a ji ta inda take zurarewa: ta salansa bawul ne, ta wurin zuba mai zobban fistin ne. A duba lambar inji da ta giyabos ko su ne na asali, abin da sashen Classiche na Ferrari da Polo Storico na Lamborghini suke ba da shaida a kai. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya mako da shekarar ƙira ne, taya mai shekara goma ta mutu ko da zanenta bai taɓu ba. Ƙarancin kilomita a agogo kuma ba abin murna ba ne: motar da ta yi shekaru a tsaye sil ɗinta sun bushe, birkinta ya kama, tiyon fetur ya tsattsage, kuma cire wayar agogon tsohuwar mota ba wuya. Fayil ɗin rasit na sabis ya fi agogon gaskiya.

Idan kuma tunaninka ka kawo ta gida, lissafin ya ƙaru. Akwai dokar kwastan a kan shekarun motar da ake shigowa da ita, sai ka fara bincika wannan. Motocin nan an yi su don iskar arewacin Italiya, lagiretonsu da ƙyar yake isarsu a cunkoson bazara a can ma, balle zafin watan Afrilu a nan. Ƙurar hunturu tana toshe ƙananan jet na kafireta tana cin silinda idan matatar iska ba ta zauna daidai ba, F355 tana son fetur mai lamba 95, kuma hancin Countach ko F40 ba zai haye tudun rage gudu na unguwa ba sai an sa katako. A cikinsu duka, 328 da Alfa ne kaɗai zan iya cewa za su jure, su ma sai an sake wa lagireto ciki, an ƙara fanka mai ƙarfi, an canza duk tiyon fetur da na ruwa kafin a fara hawa.